Kuɗin gidauniya da ƙungiyoyin unguwa a Zariya: me doka ta ce?

Wani matashi daga Tudun Wada ya tare ni bayan La'asar, ransa a ɓace. Ƙungiyarsu ta daɗe tana yashe magudanan ruwa kafin damina, suna haɗa kuɗin mota idan za a kai mara lafiya asibitin Shika, suna sayen alli da tabarmi ga Islamiyyar unguwa. Sun ji wata gidauniya na raba tallafi, suka cike takarda, aka dawo musu da ita.

"Malam, aikinmu fa kowa ya gani," in ji shi. "Yaya za a ce ba mu cancanta ba?"

Na tambaye shi asusun bankin da suka rubuta a takardar, da sunan wa yake. Ya ce da sunan ma'ajinsu, ai mutumin kirki ne, ba a taɓa kama shi da cin ko sisi ba. Na yarda da shi. Amma a nan gizo ke saƙar, domin gidauniya ba ta san ma'ajinsu ba, kuma ita ma akwai waɗanda za su tuhume ta kan inda ta kai kuɗi.

Gidauniyar al'umma daban take da wadda attajiri ɗaya ke kafawa da sunansa. Ita asusu ce ta gari guda: 'yan kasuwa, ma'aikata, 'yan garin da ke zaune a wasu wurare, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, sai a juya uwar kuɗin, a riƙa raba abin da ta haifar ga ƙananan ƙungiyoyin da ke aiki a garin. Ta farko irin wannan an kafa ta ne a birnin Cleveland na Amurka a 1914, ta hannun wani lauya kuma ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff. Mu kuwa tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya san waƙafi, inda ake tsayar da gona ko shago a bar amfaninsa yana tafiya ga masallaci ko makaranta, ya riga ya fahimci rabin zancen.

A Najeriya babu wata doka ta musamman da aka yi don irin wannan gidauniya. Da mai bayarwa da mai karɓa, yawanci ƙofa ɗaya suke bi, wato Dokar Kamfanoni da Ƙungiyoyi, wadda aka fi sani da CAMA, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020. Kashin da ya shafe mu shi ne na amintattu masu rajista, daga sashe na 823 zuwa na 850, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ce ke kula da shi. Akwai wata hanyar ta kafa kamfanin da ba ya rabon riba, amma ita tana bi ta ofishin Babban Lauyan Tarayya, shi ya sa ƙungiyoyin unguwa ba su cika bin ta ba.

Rajistar kanta ba ta da wani sirri. Ƙungiya za ta zauna ta naɗa amintattu, aƙalla biyu, ta rubuta bayanin zaman da aka naɗa su, ta haɗa da kundin tsarinta wanda ya fayyace manufofinta da yadda ake taɓa kuɗi. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da wanda ya karye bai fita daga hukuncin bashi ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara biyar kafin naɗin. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, ɗaya daga ciki ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Idan satifiket ya fito, amintattun sun zama jiki ɗaya a idon doka: suna iya mallakar fili da sunan ƙungiya, su kai ƙara, a kai ƙararsu, kuma rasuwar shugaba ba ta kashe ƙungiyar.

Da yawa daga ƙungiyoyinmu suna riƙe da takardar shaida daga ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari, ko daga wata ma'aikatar jiha a Kaduna. Tana da amfaninta, tana nuna hukuma ta san da zamanku. Sai dai ba ita ce rajistar CAC ba, kuma mai ba da tallafi mai kauri galibi ta CAC zai tambaya.

Sashen da nake so kowane shugaban ƙungiya ya karanta da idonsa shi ne na 838. Ya ce kuɗi da kadarar ƙungiya ba za a kashe su ba sai a kan manufofin da aka rubuta a kundinta, kuma ba za a raba wa mambobi ko kwabo a matsayin riba ko garaɓasa ba, kai tsaye ko ta bayan gida. Ma'ana, daga ranar da kuɗi ya shiga asusun ƙungiya ya daina zama na Alhajin da ya bayar, bai kuma zama na shugaba ko na mambobi ba. Ya zama na aikin. A nan ne mutanenmu ke yawan ruɗewa, saboda mun saba da adashi da ƙungiyar gama kai, inda kowa ke zubi yana jiran kwasarsa ko rabon ƙarshen shekara. Waɗannan halal ne, suna da tasu dokar, amma ba su ne wannan ba. Ƙungiyar da ta karɓi tallafin gyaran burtsatse, canji ya rage, sai ta ce bari a raba wa 'yan kwamiti su yi cefanen Sallah, ta taka doka, kuma sashen ya ce duk wanda ya sa hannu da saninsa sai ya mayar da kuɗin.

Wannan bai hana biyan wanda ya yi aiki ba. Idan kun ɗauki malama tana koya wa mata ɗinki, ko direba, ko mai gadi, ku biya su albashi daidai wa daida. Ɗan kwamitin gudanarwa kuwa an taƙaita abin da zai karɓa: a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, ko kuɗin haya mai ma'ana idan ƙungiya na amfani da ɗakinsa, ko ladan wani aiki da ya yi takamaimai. A ganina wannan sashe gata ne ga shugaba mai gaskiya. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a a garin nan ya san yadda ƙananan maganganu ke tashi a majalisa da zarar an gan shi da sabon babur.

Daga nan sai banki. Asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu fiye da ɗaya, lambar haraji, kuma bankuna kan nemi satifiket ɗin SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu fiye da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya mai rajista, sai ta banki. Don haka idan wani bawan Allah ya zo taron neman gudummawa da kuka kira da buhun kuɗi, ku gode masa, ku raka shi banki.

Sauran sharuɗɗan da gidauniya ke gindayawa, na rahoto duk bayan wata uku, na rasit, na hotunan aiki, ba a cikin CAMA suke ba. Suna cikin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, kuma yarjejeniya tana ɗaure mutum a kotu. Idan an ba ku kuɗi don rijiya a Gyallesu, sai iska ta yaye rufin makaranta, kada ku juya kuɗin da kanku komai kyawun niyya. Ku rubuta ku nemi izini, ku adana amsar. Haka nan masu shirin wayar da kan jama'a su kula da sashe na 221 na tsarin mulkin 1999: in ba jam'iyya ba, babu ƙungiyar da aka yarda ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta zuba kuɗi a yaƙin zaɓensa. Ku koya wa mutane yadda ake yankar katin zaɓe da yadda ake bibiyar kasafin ƙaramar hukuma, amma hular jam'iyya a bar ta a gida.

Inda ƙungiyoyi da dama ke faɗuwa shi ne bayan satifiket ya fito. A sa shi a firam, a rataye, a manta. Alhali sashe na 848 ya ce a riƙa miƙa rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da lissafin da odita ya duba, sashe na 845 kuma ya nemi bayanin halin da ƙungiya ke ciki sau biyu a shekara. Waɗannan sassa, da na 839 wanda ya ba da damar dakatar da amintattu a naɗa shugaban riƙo idan an ga almundahana, sun jawo ce-ce-ku-ce tun 2020, musamman daga shugabannin addini. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa sashe na 839 da wasu da ke biye da shi sun saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya. Duk da haka ba zan ba kowa shawarar ya jingina da hukuncin ya ƙi kai rahoto ba. Hukumar tana karɓar rahoton shekara, kuma kowa na iya buga sunan ƙungiyarku a shafinta na intanet ya ga ko tana raye ko ta yi barci. Jami'in gidauniya nan yake fara leƙawa kafin ya karanta wasiƙarku.

Batun haraji a taƙaice: tallafin da aka ba ƙungiyar jin ƙai don aikinta ba a biyan harajin riba a kansa, amma abin da ta samu daga kasuwanci lissafinsa daban, kuma harajin albashin ma'aikatanta na zuwa ga hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna. Idan kuma ƙungiya ta rushe, sashe na 850 ya ce bayan an biya basussuka, abin da ya rage a miƙa wa wata mai irin manufarta. Ba a raba shi kamar gado.

Na san kuɗin jarida, da na lauya, da na odita duk shekara nauyi ne a kan matasan da shebur da baro kawai suka mallaka, kuma ina ganin gidauniyar da ke son taimakon unguwa da gaske ya kamata ta riƙa ɗaukar wani ɓangare na wannan nauyin. Kafin a kai can, akwai hanyar da na nuna wa matashin nan: su nemi wata ƙungiya mai rajista da suka amince da ita, ta karɓi tallafin a asusunta, su yi aikin, a rubuta yarjejeniya kan wanda zai riƙe rasit da wanda zai rubuta rahoto. Na kuma ce masa a zamansu na gaba su sayi littafi mai bango mai kauri, su fara rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita, da kwanan wata da sa hannun mutum biyu, su fid da sunayen waɗanda za su naɗa amintattu.

Ya ce, "To Malam, ranar Asabar muke zama. In Allah ya yarda zan kawo maka kundin ka duba mana."