Gwanjon Intanet: Tambayoyin da 'Yan Kasuwarmu na Legas Suka Fi Yi

Daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, maganar gwanjon intanet ta shiga bakin 'yan kasuwarmu, musamman matasa masu harkar mota da waya. Wasu sun samu alheri a ciki, wasu kuma sun zuba jari sun tashi a tutar babu. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsoshinsu.

Mene ne bambancin gwanjo da saye a Jumia ko Jiji?

A Jumia farashi a rubuce yake. A Jiji talla ce kawai: ka kira mai kaya, ka taya, ya ce albarka, ku ja har ku daidaita. A gwanjo kuwa ba da mai kaya kake ja ba, da sauran masu saye kake ja, kuma wanda tayinsa ya fi na kowa a lokacin rufewa shi ya ci. Tayi a nan alkawari ne. Da zarar ka danna, ka ɗaure kanka, babu zancen "bari in yi shawara da maigida". Sai dai mai kaya yakan ajiye wani farashi a ɓoye wanda ba zai sallama ƙasa da shi ba. In tayi bai kai nan ba, ko kai ne a sama, ciniki bai faɗa ba.

Malam, ba an hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa ba?

An hana, amma malamai sun bayyana cewa hanin yana aiki ne bayan mai kaya da mai saye sun karkata ga juna, sun kusa ƙullawa. Gwanjo kuwa tun farko a buɗe yake ga kowa, shi ne bai'ul muzayada a littattafan fiƙihu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tattauna shi a zamanta na Brunei a 1993, ta ce ya halatta, ta kuma ce kuɗin ajiya da ake karɓa kafin shiga dole a mayar wa duk wanda bai ci ba.

Abin da yake haramun shi ne najashi: mutum ya taya ba don yana son saye ba, sai don ya ɗaga farashi a kan wani. Hadisin hana shi yana cikin Bukhari da Muslim. A intanet ya fi sauƙin aikatawa, domin mai kaya yana iya buɗe asusu na biyu da sunan ƙaninsa ya dinga taya kayan kansa. Mai yin haka ya sani ba wayo ba ne, cin dukiyar Musulmi ne da na wanda ba Musulmi ba ta hanyar yaudara.

Gwanjon Kwastan gaskiya ne? Ina ganin hotunan motoci a Facebook da arha ƙwarai.

Gwanjon gaskiya ne, hotunan Facebook kuwa tarko ne. Hukumar Kwastan ta fara gwanjon intanet a watan Yulin 2017 zamanin Hameed Ali, ta sake buɗe sabon shafi a farkon 2024 a ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Ana sayar da kayan da kotu ta mallaka wa gwamnati da waɗanda suka daɗe a tasha ba a fitar ba. Kana buƙatar lambar biyan haraji, wato TIN, da adireshin imel mai aiki, sannan ka zuba kuɗi a asusun da ke cikin shafin. Adireshin shafin hukuma yana ƙarewa da .gov.ng. Hukumar EFCC ma ta yi gwanjon motoci ta intanet a Janairun 2025, ta hannun masu gwanjo da ta tantance.

Duk wanda ya turo maka hotonsa da kaki a WhatsApp, ya ce akwai Hilux a sito a Ikeja, ka tura kuɗin fom asusun wani mutum, ɗan damfara ne. Hukumar kanta ta sha fitar da wannan gargaɗi. Ba a biyan kuɗin gwamnati a asusun mutum, kuma babu jami'in da ke da ikon "ware maka" mota a gwanjon da kowa ke taya.

In ka ci a gwanjon gaskiya, kwanaki kaɗan ake ba ka ka biya, ka kuma kwashe. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin, kuma kayan da ke cikin tasha suna da nasu cajin na masu tasha da kamfanin jirgi. Ka karanta sharuɗɗan wannan zagayen kafin ka taya.

Me ya sa motocin Copart da IAA, kamfanonin gwanjon mota na Amurka, suke da arha, kuma zan iya taya daga Legas?

Yawancinsu motocin da kamfanonin inshora na Amurka suka biya masu su ne bayan hatsari, ambaliya, gobara ko sata, suka kawo gwanjo don su rage asara. Gyara a can yana da tsada, a kasuwar Ladipo ta Legas kuwa akwai kayan gyara da masu hannu, shi ya sa harkar take ci. Kana iya yin rajista daga nan da fasfo, ka ajiye kuɗin jingina. Amma jihohi da dama ba sa barin wanda ba shi da lasisin dillancin mota ya taya wasu motocin, sai ta hannun dillali mai lasisi, shi kuma yana da la'adarsa. Ka tuna da agogo: Legas tana gaban New York da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, don haka gwanjon safiyarsu yammacinmu ne.

To nawa motar za ta tsaya mini in ta iso?

Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma nan nake so a tsaya a natsu. Kuɗin da ka ci mota da shi somin taɓi ne. A kansa akwai la'adar kamfanin gwanjo, wadda ke ƙaruwa da girman tayi, da kuɗin taya ta intanet, da kuɗin fitar da mota daga fili. In ka yi jinkirin ɗauka, kuɗin ajiya na hawa kullum. Sai mai janwe da zai kai ta tashar jirgin ruwa: motar da ke kusa da Baltimore ko Houston ba ɗaya take da wadda ke tsakiyar ƙasa ba. Sai kuɗin jirgi. Mota mai tashi tana iya hawa jirgin da ake tuƙa motoci ciki, irin wanda ke sauke kaya a tashar PTML ta Tin Can. Wadda ba ta tashi sau da yawa sai kwantena, ko a yi maka ƙarin caji.

Ta iso Legas, sai kuɗin fito. Tun 2022 Kwastan ke kimanta mota da lambar VIN, wato lambar shaidar da kamfani ya buga a jikin kowace mota, abin da ya jawo yajin aikin ejan-ejan a Tin Can a wannan shekarar. Ma'anarsa gare ka ita ce kada ka ɗauka arhar da ka samu a gwanjo za ta rage maka fito daidai gwargwado. Ka tambayi ejan ɗinka adadin kafin ka taya, ba bayan jirgi ya taso ba. Ga kuɗin tasha, ga na jinkiri in takardu suka maƙale, ga gyara da fenti. Sannan ga dala, wadda za ta iya motsawa a makonnin da motar ke kan ruwa.

Lissafin daga baya ake faro shi. A ce irin motar, lafiyayya, ana sayar da ita naira miliyan 15 a kasuwar motoci ta Berger. Cire ribar da kake so, cire gyara ka ƙara masa wani abu don ɓarnar da hoto bai nuna ba, cire fito da tasha, cire jirgi da janwe, cire la'ada. Abin da ya rage, shi ne iyakar tayinka. Rubuta shi a takarda ka ajiye kusa da wayar. In lissafin ya nuna bambancin ɗan kaɗan ne, je Berger ka sayi wadda za ka buɗe bonet ka gani da idonka.

Abu biyu kuma: tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, don haka zancen saukewa a Kwatano a shigo ta Seme fasa-ƙwauri ne. Mota mai sitiyari a dama, irin na gwanjon Japan da Ingila, ba ta dace da dokar hanyarmu ba, mun koma tuƙi a hannun dama tun 1972.

Ta yaya zan san lafiyar motar da ban taɓa gani ba?

Kaya yadda yake ake sayar da shi, ba a mayarwa. Ka ɗauki lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17, ka biya a ciro maka tarihinta a Carfax ko AutoCheck: hatsarin baya, tafiyar da ta yi, hannu nawa ta bi. Alamar da suke sawa cewa mota tana tashi tana motsawa tana nufin ta yi hakan ne ranar da ta shigo fili, ba shaidar lafiyar inji ko giya ba ce. Ka duba irin takardar mallakarta, domin wadda aka rubuta ta kayan gyara ce kawai tana iya ba ka wahalar fitarwa, kuma kwastan na Amurka suna son ganin takardar awa 72 kafin lodi.

Motar ambaliya ita ce na fi jin tsoro wa sabon shiga. A hoto tana sheƙi, ba ko ƙwarzane. Amma ka sa wanda zai je fili, akwai masu wannan aikin a biya su, ya ɗaga kafet ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ya buɗe mazaunin safaya ya ga ko akwai busasshen taɓo, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya ga ko akwai layin da ruwa ya tsaya. Ruwan gishiri yana cin wayoyi a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, mai wayarin ya zama abokin hirarka.

Akwai dabarar taya?

A shafin gwanjo na eBay, wanda aka kafa a 1995, lokacin rufewa a tsaye yake. Kana rubuta iyakarka, kwamfuta ta dinga ƙara maka kaɗan-kaɗan har ta kai can, shi ya sa gogaggu ke jira sai daƙiƙun ƙarshe. A gwanjon kai tsaye na Copart kuwa duk sabon tayi yana sabunta agogo, jira ba ya amfani. Abin da ke kayar da mutum a nan zuciya ce: ka ga wani daga wata ƙasa ya ɗora dala ɗari, ka ce wallahi ba zai ƙwace mini ba. Ƙyale shi. Irin wannan motar za ta sake fitowa mako mai zuwa. In kuma ka ci ka kasa biya, akwai tara, ana iya rufe asusunka.

Hajiya mai kayan gwanjo tana tambaya: ni da nake sayarwa fa?

Mata da yawa suna fasa dila daga kasuwar Katangua su yi gwanjo kai tsaye a Instagram ko TikTok. Hajiya, ki faɗi ƙa'ida tun farko: farashin farawa, ƙarin da ake karɓa, lokacin rufewa, wa zai biya ɗan aike. In riga tana da tabo ko zif ya mutu, ki nuna a kyamara. Kada kaya su bar hannunki don an turo hoton rasit ko saƙon alat. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce ya yi kuskuren turo fiye da kima, ki mayar masa da rara, tsohuwar damfara ce.

Mai son sayar da jakar fata, takalmi ko hula zuwa waje ya fara tambayar kuɗin aikawa a DHL ko EMS na gidan waya, domin yakan fi kuɗin kayan, ga kuma kason da shafin ke cirewa. Hauren giwa da ɓawon dankunya haramtattu ne a cinikin duniya, kayan tarihi kuma ba sa fita sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

In an riga an damfare ni?

Kira bankinka a take, kada ka bari sai gobe, domin kuɗin ba sa kwana a asusun da suka faɗa. Adana lambar asusun, lambar wayar, rasit da duk hirar da kuka yi, kada ka goge komai don fushi ko kunya. Kai ƙara ofishin EFCC ko sashen 'yan sanda mai binciken zamba da ke titin Milverton a Ikoyi. Kuma ka yi hattara da wanda zai kira ka bayan kwana biyu ya ce zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin aiki, sau da yawa mutanen farko ne suka sake salo.