Waiwaye: Sir John Johnson da rabon gonakin magoya bayan Sarkin Ingila a Kanada

Lokacin da Amurkawa suka yi wa Ingila bore a 1775, ba duka ne suka bi ba. Cikin waɗanda suka tsaya wa Sarki akwai Sir John Johnson, haifaffen kwarin Mohawk da ke New York, wanda ya gāji filaye masu yawa daga mahaifinsa, Sir William Johnson, a 1774.

A Janairun 1776 Janar Schuyler na sojojin bore ya ƙwace makaman mutanen Johnson, ya karɓi alkawarinsa cewa ba zai yi yaƙi ba. Da ya ji za a kama shi a watan Mayu, sai ya keta daji zuwa Montreal, ya kafa rundunar King's Royal Regiment of New York. Da ita aka yi yaƙin Oriskany a 1777. A 1780 ya dawo ya ƙone rumbuna da gonaki a kwarin da ya taso, don hana sojojin bore abinci. Kafin nan, a 1779, New York ta riga ta ƙwace dukiyarsa.

Aikinsa mafi nauyi ya zo ne bayan Ingila ta sha kaye. A 1784 Gwamna Haldimand na lardin Quebec ya ɗora masa tsugunar da tsofaffin sojoji da iyalansu a gaɓar kogin St Lawrence. Maigida yana samun eka 100, kowane ɗan gida a ƙara 50. Kyaftin 700, manyan hafsoshi 1,000. Ƙuri'a ake jefawa, mutum ya zaro takarda mai lambar fili. An kuma jera garuruwan bisa addini da harshe, 'yan Katolika na Sikotilan daban, Jamusawa daban.

A nan matsaloli suka fito. Ƙuri'a ba ta san fadama ko duwatsu ba, don haka wasu suka yi ta musanya ko sayar da rabonsu. Masu awon fili ba su gama da wuri ba, wasu iyalai suka rasa shukar shekarar farko, suka dogara da abincin gwamnati har 1786. Abin da ya fi cin ran mutanen shi ne filin yana ƙarƙashin tsohon tsarin Faransa ne na Quebec, alhali sun saba da mallaka kai tsaye. Koke-kokensu na cikin abin da ya kai ga raba lardin gida biyu a 1791.

Asarar ƙabilun Iroquois, 'yan asalin yankin, ta fi ta kowa. Mafi yawansu sun yi yaƙi a ɓangaren Ingila, amma yarjejeniyar Paris ta 1783 ko sunansu ba ta ambata ba. Johnson, wanda ke riƙe da harkokin ƙabilun tun 1782, shi aka tura Niagara ya fuskance su.

Lord Dorchester, gwamnan Quebec a lokacin, ya ba da sunan Johnson don mulkin sabon lardin Upper Canada da aka yanka daga Quebec, amma Landan ta zaɓi John Graves Simcoe. Johnson ya ci gaba da riƙe ofishin ƙabilun shekaru da dama, ya mutu a Montreal a 1830.