Irmiya 29:11 ba alkawarin buɗi na gobe ba ne

Irmiya 29:11 aya ce a Littafi Mai Tsarki inda Allah ya ce yana da shirin alheri domin mutanensa, ba na masifa ba. Ana yawan rubuta ta a katin biki da jikin mota, a ɗauka Allah ya yi wa mutum alkawarin arziki nan kusa. Wanda ya karanta surar daga farko zai ga wasiƙa ce zuwa ga kamammun yaƙi.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kewaye Urushalima, ya kwashe sarki Yekoniya da fadawa da maƙera zuwa Babila. Wani annabi, Hananiya, ya ce cikin shekara 2 za su dawo. Har ya cire karkiyar itacen da annabi Irmiya ya sa a wuyansa don alamar bauta wa Babila, ya karya a gaban jama'a cikin Haikali. Maganarsa ta fi daɗin ji, babu shakka.

Irmiya kuwa ya rubuta musu: ku gina gidaje, ku dasa lambuna, ku aurar da 'ya'yanku, ku yi wa birnin maƙiyanku addu'a, domin zaman shekara 70 ne. Alherin da ayar ta ambata sai bayan wannan. Kafin nan ma an ƙone Haikalin, kuma yawancin manyan da suka ji wasiƙar a Babila aka binne su. Sai a 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, sannan aka buɗe hanyar komawa.