Wai mene ne zaman dadiro?

Jiya a teburin mai shayi a Yelwa, nan Bauchi, wani ƙaninmu yake tambaya, wai shi kam yana ta jin ana cewa wane da wance zaman dadiro suke, me ake nufi ne? Na san ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ce bari in yi bayani a nan.

Zaman dadiro shi ne namiji da mace su tare a ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, shimfiɗa ɗaya, yana kawo cefane tana girki da wanki, kai har maƙwabta su riƙa ce mata matar wane, alhali ba a ɗaura komai ba. Ba waliyyi, ba sadaki, ba shaidu, ba siga, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi idan babu waɗannan to babu aure. Ita macen ma dadiro ake ce mata, za ka ji an ce ai ya ajiye dadiro. Ba ɗaya ba ne da farka fa, farka kowa yana gidansu haɗuwa kawai ake yi. A da an fi sanin abin da zaman bariki, mutum ya je garin da ba wanda ya san asalinsa ya ajiye mace, yanzu kuma ya shigo har unguwannin da ɗalibai ke kama haya a wajen makaranta.

Masu yi suna da hujjojinsu, kuma gaskiya ba duka ne shirme ba. Haya ta yi tsada a Bauchi, mutum biyu su haɗa kuɗin ɗaki da gas da abinci ya fi sauƙi. Sannan su ce sai an zauna ake sanin hali, na zance kowa ado yake yi. Babbar hujjar kuma ita ce tsadar aure, kuɗin gaisuwa, lefe akwati kaza, kayan ɗaki, kamu, dina, saurayi ya lissafa ya ga ko shekara 5 ya yi yana tari ba zai haɗa ba. Wannan kam laifinmu ne mu manya, tunda mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, sauran duk mu muka ɗora wa kanmu.

Amma ni abin da yake damuna shi ne idan abin ya watse, wa yake kwana a ciki? Ita ce wallahi. Matar aure idan miji ya mutu za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta ci gado, tumuni idan yana da 'ya'ya, rubu'i idan ba shi da su. Dadiro ko shekara 10 ta yi tana masa bauta, ranar da ya faɗi dangi za su zo su rufe ɗaki, ko cokali ba ta da hurumin ɗauka. Matar aure idan an dake ta tana da inda za ta yi yaji, waliyyinta ya kira miji ya titsiye shi, ko ta je gaban alƙali. Ita wannan gun wa za ta kai ƙara, iyayen da suke zaton tana hostel? Ga shi tun 2001 ake aiki da shari'ar Musulunci a jihar Bauchi, zaman da kansa zai iya jawo mata tuhumar zina a wurin kotu, to da wane baki za ta fara bayani.

Batun sanin hali ma ban yarda da shi sosai ba, don wanda ya san ƙofa a buɗe take gobe zai iya ɗaukar jakarsa, ba halin miji yake nuna miki ba ƙanwata, halin baƙo ne. Sau da yawa yana gama makaranta ya tafi bautar ƙasa sai dai ki ga katin ɗaurin aurensa a Facebook da yarinyar garinsu.

Idan kuma ciki ya shiga nan ne tashin hankalin yake, ko a je a zubar a ɓoye a hannun wanda bai san aikin ba ta rasa mahaifa ko ranta, ko a haifi yaron da shari'a ta jingina shi ga uwarsa kawai, ba ya gadon uban, kuma yana fara wayo yaran unguwa za su fara jifansa da sunan nan da ba na son ko rubutawa.