Wai me ake nufi da "method" ne a Turanci?

Mece ce ma'anarta a taƙaice?

Hanya ce ta yin abu, amma fa ba kowace hanya ba, wadda aka tsara daki-daki, a yi wannan sannan a yi wancan, yadda ko wani ka koya wa zai bi ya samu abin da ka samu. Da yawanmu "mesod" muke cewa, don wannan th ɗin na Bature babu shi a bakinmu.

Daga ina ta fito?

Girkanci ne asalinta, methodos, kuma hodos ɗin da ke ciki ma'anarsa hanya, irin wadda ake takawa. Ka ga Bahaushe da ya fassara ta da hanya bai kauce ba. Faransanci ma yana da ita, shi ya sa wanda ya yi boko a Maraɗi ko Damagaram zai ce maka méthode. Hatta cocin Methodist daga nan sunan ya fito, tsokana ce aka yi wa John Wesley, wanda ya kafa darikar, da abokansa a jami'ar Oxford wajen 1729 saboda komai nasu na ibada sai da tsari da lokaci, sunan kuma ya bi su.

To ba dabara ba ce kenan?

Nan ake rikicewa. Salansa ta faɗo a hanyar Zariya, bakanike ya samo waya ya ɗaure maka ita ka lallaɓa ka isa gida, wannan dabara ce, gobe wataƙila wani abin daban zai yi. Amma wanda in mota ta ƙi tashi kullum sai ya fara duba batir, ya koma kan fulogi, sannan ya duba ko mai na zuwa, bai taɓa tsallake ɗaya ba kuma haka yake koya wa yaransa, to shi ne mai method. Malamai dai sun saba cewa "dabarun koyarwa" kuma ya zauna, ni ba zan yi faɗa da su ba, amma "hanyoyin koyarwa" ya fi kwanta min.

Me ya sa malamin lissafi ya dame mu da ita?

Saboda a WAEC makin method daban, makin amsa daban. Ka rubuta x = 3 kawai ba ka nuna aikin ba, ko da daidai ne ka yi asarar maki, wani kuwa ya bi elimination ko substitution, wato hanyoyin warware irin wannan lissafi, layi-layi ya kuskure a ƙarshe ya tashi da wani abu.

Ita da methodology ɗaya ne?

A'a. Method ita ce abin da ka yi, ka raba takardun tambayoyi ko ka yi hira da mutane. Methodology kuma bayanin dalilin da ya sa ka zaɓi wannan ka bar waccan. Shi ne babi na 3 a furojet ɗin kammala karatu, wanda ɗalibai suka fi kwafowa daga na wani, sai ranar difens, wato ranar kare aikin, a tambaye su dalili su hau kame-kame.