Zargin Binciken Sirri na Gwamnatin Amurka kan Abubuwan da ke Shawagi a Sararin Samaniya

Tun daga shekarar 1947 ake zargin cewa gwamnatin Amurka tana gudanar da bincike a ɓoye kan wasu abubuwa da ake gani suna shawagi a sama ba tare da an gane ko mene ne su ba, waɗanda aka fi sani da taƙaitaccen suna UFO. Zargin iri biyu ne, kuma sau da yawa akan cuɗa su. Na farko shi ne cewa hukumomin tsaro sun binciki lamarin, sun kuma ɓoye wa jama'a wani ɓangare na abin da suka sani, kuma wannan ya tabbata cikin takardun gwamnatin kanta. Na biyu shi ne cewa suna riƙe da tarkacen jiragen wasu halittu daga wata duniya, har da gawawwakinsu, suna ƙoƙarin kwaikwayon fasaharsu, kuma har yau ba a gabatar da hujjar da ta tabbatar da wannan ba.

Asali

A ranar 24 ga watan Yuni na 1947 wani matuƙin jirgin sama mai suna Kenneth Arnold ya ba da labarin cewa ya ga abubuwa 9 suna gudu a jere kusa da Dutsen Rainier da ke jihar Washington, kuma daga bayaninsa ne 'yan jarida suka samo laƙabin faifai mai tashi. Bayan mako biyu, sansanin sojin sama na Roswell da ke jihar New Mexico ya fitar da sanarwa cewa ya samo irin wannan faifai a wani wurin kiwo, amma ba a jima ba Janar Roger Ramey ya ce tarkacen balan-balan ne na auna yanayi. Maganar ta kwanta kusan shekara 30, sai a 1978 da Jesse Marcel, jami'in da ya kwaso tarkacen, ya ce bai yarda abin na wannan duniya ba ne. A 1994 rundunar sojin sama ta amsa cewa bayaninta na farko bai cika ba: tarkacen na wani shiri ne na sirri mai suna Mogul, wanda ake tura jerin balan-balan ɗauke da na'urori can sama domin jiyo ƙarar gwajin makaman nukiliya na Tarayyar Sobiyet.

Shirye-shiryen da aka amince da su

Rundunar sojin sama ta kafa shirye-shirye uku a jere: Sign a 1948, Grudge a 1949, sannan Blue Book, wanda ya yi aiki daga 1952 zuwa 1969 a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio. An tattara rahotanni 12,618, inda aka danganta mafi yawansu da taurari, jiragen sama, balan-balan da gajimare, aka bar 701 ba a tantance ba. An rufe shirin Blue Book bayan wani kwamitin Jami'ar Colorado ƙarƙashin masanin kimiyya Edward Condon ya yanke cewa ci gaba da binciken ba zai ƙara wa kimiyya komai ba.

Abin da ya fi ɓata amincin gwamnati ya faru ne a bayan fage. A watan Janairu na 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA ta tara masana ƙarƙashin jagorancin H. P. Robertson, waɗanda suka ga cewa haɗarin yana cikin yawan rahotannin ne, domin suna iya cushe hanyoyin sadarwar soja a lokacin da ake fargabar harin Sobiyet, saboda haka suka ba da shawarar a riƙa rage wa labaran armashi a idon jama'a. Daga 1955 kuma aka fara gwajin jirgin leƙen asiri na U-2 a hamadar Nevada, a wurin da ake kira Area 51. Jirgin yana tashi sama da ƙafa 60,000, nesa ƙwarai da inda jiragen fasinja na lokacin suke kaiwa, don haka bayan faɗuwar rana, yayin da duhu ya riga ya rufe ƙasa, fikafikansa masu launin azurfa suna ci gaba da walƙiya da hasken rana, matuƙa kuma su ga kamar wuta ce ke tafiya a samansu. Masanin tarihin CIA Gerald Haines ya rubuta a 1997 cewa fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na shekarun 1960 irin waɗannan jirage ne, kuma jami'ai sun riƙa ba da bayanan bogi domin kare sirrin. Akwai masu bincike da ke ganin an zuzuta wannan adadi, amma ɓoyewar kanta ba a musanta ta ba, kuma sai a 2013 CIA ta ambaci Area 51 da sunansa a takardun da ta saki. Ba abin mamaki ba ne wanda aka taɓa yi wa ƙarya ya ƙi yarda da bayani na gaba, ko da gaskiya ne.

Takardun jabu da masu ba da shaida

A 1987 aka bayyana wasu takardu da ke iƙirarin cewa Shugaba Harry Truman ya kafa kwamitin sirri na mutum 12, mai suna Majestic 12, domin kula da tarkacen Roswell. Hukumar FBI ta ayyana su a matsayin jabu, masu nazari kuma suka nuna cewa sa hannun Truman an kwafo shi ne daga wata wasiƙa tasa ta gaskiya. A 1989 Bob Lazar ya fito a wani gidan talabijin na Las Vegas ya ce ya yi aiki a kan jiragen halittun wata duniya kusa da Area 51, sai dai jami'o'in da ya ce ya yi karatu a cikinsu ba su da shaidar zamansa.

Farfaɗowar batun

A watan Disamba na 2017 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa ma'aikatar tsaro ta kashe dala miliyan 22 a kan wani shiri na binciken UFO da aka fi sani da AATIP tsakanin 2007 da 2012, bisa buƙatar Sanata Harry Reid, kuma mafi yawan kuɗin ya tafi ga kamfanin attajirin nan Robert Bigelow. A 2020 ma'aikatar ta saki bidiyo uku na abubuwan da ba a gane su ba a sama, waɗanda matuƙan jiragen yaƙin sojin ruwa suka ɗauka, ɗaya daga cikinsu na 2004 ne, daga jiragen da ke tashi a kan jirgin ruwan Nimitz. Rahoton da ofishin daraktan leƙen asiri na ƙasa ya fitar a watan Yuni na 2021 ya duba aukuwa 144, ya iya bayyana guda ɗaya tak, ya ɗora laifin sauran a kan ƙarancin bayanai masu inganci.

Ranar 26 ga Yuli na 2023 David Grusch, tsohon jami'in leƙen asiri na sojin sama, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Wakilai bisa rantsuwa cewa akwai shiri na shekaru da dama na tattara tarkacen jiragen da ba ɗan Adam ne ya ƙera su ba, tare da amsa cewa daga bakin wasu ya ji, bai gani da idonsa ba. Ofishin AARO, wanda ma'aikatar tsaro ta kafa a 2022 domin wannan batu, ya fitar da rahoto a watan Maris na 2024 cewa bai samu shaidar hakan ba, kuma yawancin labaran suna zagayawa ne tsakanin mutane kaɗan da ke maimaita wa juna abin da suka ji, wasunsu kuma sun ɗauki shirye-shiryen makamai na sirri a matsayin na baƙin halittu. Rahoton ya kuma bayyana wani shiri mai suna Kona Blue, wanda masu wannan imani suka nemi ma'aikatar tsaron cikin gida ta kafa domin karɓar tarkacen da suke zaton ana ɓoyewa. Ma'aikatar ta ƙi amincewa da shi, kuma ba a taɓa miƙa masa ko ƙyallin ƙarfe ba.