Inshorar lafiya ta zama dole a Najeriya, amma wa dolen ta kama?

Tun ranar 19 ga Mayu, 2022, da Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, duk mazaunin Najeriya ya zama wajibi a kansa ya mallaki inshorar lafiya. Haka dokar ta ce. Ka tambayi mai shayi ko ɗan acaɓan unguwarku, da wuya ya taɓa jin labarin, balle ya san wai shi ma yana ciki.

Kafin wannan doka akwai tsohon tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, wanda aka kafa dokarsa a 1999, ya fara aiki a 2005. Shi ganin dama ne, kuma yawancin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnatin tarayya ne: ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, a duba su, su biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Sabuwar dokar ta soke waccan, ta cire ganin dama ta sa tilas. Ta ambaci wuraren aiki masu ma'aikata biyar zuwa sama, na gwamnati ko masu zaman kansu, ta ambaci masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, ta kuma ɗora wa jihohi da Abuja gudanar da nasu tsarin. Kano dama ta riga ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, Kaduna na da KADCHMA. Kalmar taimakekeniya ba a banza aka zaɓe ta ba, don akwai malaman da suka daɗe suna ɗari-ɗari da inshora irin ta kamfani, amma karo-karo don agaza wa juna ba ya tayar da wannan ƙurar.

To me ya sa sai an tilasta? A nan ne masu goyon baya suke da hujja mai ƙarfi. Ka ɗauka mutum ɗari ne suka haɗa asusu. A shekara guda, wataƙila kaɗan ne daga cikinsu za su kwanta ciwo mai cin kuɗi, sauran zubinsu ne zai ɗauke nauyin. In aka ce kowa ya shiga in ya ga dama, saurayi mai jini a jika zai ce me zai kai ni, sai mai hawan jini da mai ciwon suga da mai tsohon ciki su cika asusun. Kuɗin fita ya fi na shiga, a ƙara kuɗin zubi, masu sauran lafiya su ƙara gudu, asusun ya durƙushe. Adashin da kowa ke son kwasar farko kuma ba mai niyyar zubi bayan ya kwasa, ai an san ƙarshensa.

Sannan ga halin da muke ciki. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye. Kowa ya san yadda abin yake: ƙarfe ɗayan dare a ce sai an yi wa mace tiyata a ciro jariri, miji yana tsaye a baranda da takardar kuɗi a hannu, yana kiran yayansa da kawunsa, ana tura saƙo a zauren dangi na WhatsApp, gari na wayewa an kai akuya kasuwa. Masu son tilas suna cewa ai dama muna biya, sai dai muna biya ne a mafi munin lokaci.

Masu adawa kuma kashi biyu ne. Akwai masu cewa gwamnati ba ta da hurumin sa mutum ya sayi abin da bai nema ba. Wannan muhawarar a Amurka aka fi gwabza ta. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta sa tara ga wanda bai sayi inshora ba, aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2012 alƙalai biyar cikin tara suka ce tarar ta halatta a matsayin haraji. A 2017 majalisa ta mayar da tarar sifili, abin ya fara aiki a 2019. Wato tilas ɗin yana nan a rubuce, haƙoransa ne aka cire.

Kashi na biyu su ne na gida, kuma ni hujjarsu ta fi kama ni. Ba 'yanci suke magana a kai ba, amana suke magana a kai. Ma'aikaci ya ga an zaftare masa albashi duk wata, ran da ɗansa ya kwanta ya je da kati, ya yi layi tun safe, likita ya rubuta magani huɗu, a taga a ba shi farasitamol a ce sauran babu, ya je waje ya saya. Ko a ce sai an jira lambar amincewa daga kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora kafin a yi hoto. Mutumin da ya sha wannan sau biyu, ka zo kana yi masa bayanin amfanin asusu, kallonka kawai zai yi. Asibitoci su ma suna kukan cewa abin da ake biyansu bai kai tsadar magani ba, kuma ba ya zuwa da wuri.

Ga wanda ba shi da halin zubi, dokar ta tanadi asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa da matalauta. Buhari ya ce mutum miliyan 83 ake nufi. Ɗaya daga cikin hanyoyin cika asusun shi ne kason kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ghana wata hanya ta bi tun 2003: ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan masarufi, don haka mai sayen sabulu yana zubi ko bai sani ba.

Abin da ya rage shi ne yadda za a kamo mutane. Mai albashi a tafin hannu yake, tun kafin kuɗin su iso shi an cire. A Satumbar 2025 Shugaba Tinubu ya umarci ma'aikatu su riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya ta NHIA daga masu neman kwangila ko lasisi, wannan zai matsa wa kamfanoni. Amma manomin gero da mai sayar da ƙosai ba su da takardar albashi, ba sa neman kwangila. Alƙaluman hukumar da kanta sun nuna masu rajista miliyan 20 ne da 'yan kai, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.